Tambaya da Amsa: Koyon nutso a gida ko a ƙasar waje, ina aka fi kiyaye rai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina sha'awar koyon nutso da tukunyar iska, wato abin da ake kira sikuba. Akwai wata cibiya a ƙasarmu da ke koyarwa a ƙarshen mako na tsawon makonni, amma abokaina sun ce in dakata sai na je hutu Masar ko Tailan, inda ake kammala kwas cikin kwana uku ko huɗu. Sun ce horon can ya fi inganci, katin da suke bayarwa kuma ya fi karɓuwa a duniya. Shin haka abin yake? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zancen kati shi ne mafi sauƙi, don haka da shi za mu fara. Ba ƙasa ce ke ba da katin nutso na nishaɗi ba, ƙungiyoyin horarwa ne, kuma manyan cikinsu suna aiki a ƙasashe da yawa da manhaja guda. BSAC ta Birtaniya an kafa ta a 1953, CMAS a Monako a 1959 da Jacques Cousteau a matsayin shugabanta na farko, PADI a Amurka a 1966, SSI kuma a 1970. Idan malamin cibiyarku yana da rajista mai aiki da ɗaya daga cikinsu, katin da zai sa a ba ka bai bambanta da na wanda ya koya a Bahar Maliya ba. A rubuce ma ƙa'idojin sun yi kusa da juna, domin akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 24801 da ya fayyace abin da ya wajaba sabon mai nutso ya iya. A tsarin PADI, alal misali, ɗalibi zai yi karatun ƙa'ida, ya yi darasi biyar a kwamin iyo ko ruwa mai kama da shi, sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Zai yi iyon mita 200 ba tsayawa, ko mita 300 da gilashin fuska da takalman iyo da bututun shaƙa, ya kuma tsaya a saman ruwa na minti 10. Iyakar zurfinsa mita 18 ce, a CMAS da BSAC kuma mita 20 a matakin farko.

Saboda haka kada ka auna cibiyoyin da sunan ƙasa. Abin da ke bambanta su shi ne ko ana aiki da abin da aka rubuta, kuma wannan yana hannun malamin da zai shiga ruwa tare da kai.

Abin da ya sa na damu da yawan kwanakin kwas shi ne irin haɗarin da ake koya wa ɗalibi ya kauce masa. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, don haka a zurfin mita 10 matsin ya ninka. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya a wannan zurfin, ya riƙe numfashi ya taso, iskar da ke ƙirjinsa za ta nemi ninka girmanta, tana iya yaga huhun ta shiga jijiyar jini ta kai ƙwaƙwalwa, kuma hakan na iya faruwa ko daga zurfin da bai kai mita biyu ba. Babu ɗalibin da ba a gaya masa wannan a aji. Matsalar ita ce a lokacin da ruwa ya cika masa gilashin fuska, ko na'urar shaƙa ta kuɓuce daga bakinsa, jikinsa zai umarce shi da ya danne numfashi ya ruga sama, wato ainihin abin da aka hana shi. Maimaici ne kaɗai ke kawar da wannan firgici, har cire gilashi da mayar da shi a ƙarƙashin ruwa ya zama abin da hannu ke yi ba tare da zuciya ta buga ba. Ƙa'ida ta ce ɗalibi ya ƙware a kowace dabara kafin a wuce, amma malamin da ke da ɗalibai takwas, wanda shi ne iyakar da PADI ta yarda wa malami guda a buɗaɗɗen ruwa, kuma jirgin kowannensu zai tashi jibi, yana iya ɗaukar yi sau ɗaya a matsayin ƙwarewa. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Ban ce kwas na kwana huɗu ba shi da kyau ba. A wurare irin su Dahab da Hurgada a Masar da tsibirin Koh Tao a Tailan akwai malamai da ke koyarwa kusan kullum, kuma gogewarsu ba abin rainawa ba ce. Sai dai mai koyo a hankali, ko wanda bai saba da ruwa ba, makonni sun fi masa alheri.

Inda ƙasashe suka bambanta da gaske shi ne doka da abin da aka tanada idan an yi hatsari. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai nutson nishaɗi mallakar kati, masu sana'ar ne ke tsare kansu ta hanyar ƙin cika tukunya ko ɗaukar wanda ba shi da shi. A Faransa dokar wasanni ta ƙasa ce ta tsara wanda zai jagoranci nutso a cibiya, da zurfin da kowane mataki zai kai, da kayan ceton da dole a ajiye. A Birtaniya dokar 1997 kan nutso a bakin aiki ta hau kan duk malamin da ake biya, har da gwajin likita kowace shekara. Jihar Kwinslan ta Ostareliya ta ƙara tsaurara ƙa'idar ƙirga mutane bayan da wani jirgin ruwa ya dawo ya bar wasu ma'aurata 'yan Amurka a teku a 1998, ba a kuma sake ganinsu ba. A ƙasashe da dama kuwa, babu wani jami'in da ke leƙa cibiya, kuma wannan ya haɗa da wasu wuraren hutu da hotunansu ke burge mutane.

Ga abin da nake so ka tambaya a cibiyar gida da ta waje baki ɗaya. Ka nemi lambar rajistar malamin ka bincika ta wurin ƙungiyarsa. Ka ce a nuna maka tukunyar oksijin ta agajin gaggawa, ka kuma ji ko tana shiga jirgi ko a ofis ake barinta. Ka dubi hatimin gwajin da ke wuyan tukwanen iska, ka dubi inda injin cika su yake zuƙo iska, domin idan hayaƙin inji yana kusa, guba mara wari na iya shiga tukunya, kuma illarta tana ƙaruwa da zurfi. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce: ina ɗakin matsin iska mafi kusa, wato ɗakin jinya da ake sa mai nutso a ƙara masa matsi kamar yana ƙarƙashin ruwa, kuma awa nawa ake yi kafin a kai mutum? Ciwon da kumfar nitrojin ke jawowa idan an taso da gaggawa ko an daɗe a zurfi, maganinsa oksijin ne nan take sannan wannan ɗaki. A nan manyan wuraren nutso irin su Sharm el-Sheikh a Masar suna da fifiko na haƙiƙa, domin suna da irin waɗannan ɗakuna a kusa da likitocin da suka saba da ciwon. Cibiyar da ta kasa amsa wannan tambaya kai tsaye, a ko'ina take, ba ta cancanci ka ba ta amanar ranka ba.

Shawarata ita ce ka raba kwas ɗin biyu, abin da ƙungiyoyi irin su PADI suka yarda da shi. Ka yi karatu da darussan kwami a gida cikin natsuwa, malaminka ya rubuta maka takardar miƙawa, sannan ka yi nutso huɗu na teku a inda ka je hutu cikin wata 12. Kafin komai ka cika takardar tambayoyin lafiya da gaskiya. Mai asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko sikila dole ya ga likita tukuna, mai juna biyu kuma ba ta nutso. Ka kuma tsara ranar dawowa da kyau, domin ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa, kafin a hau jirgin sama.

Tambaya: Na samu katina a ƙasar waje shekara biyu da suka wuce, a ruwa mai ɗumi da ake hangen nesa a cikinsa, kuma ban sake shiga ba. Zan iya nutso a ƙasarmu da shi, inda ruwan ya fi duhu? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, katinki bai mutu ba, domin irin waɗannan katuna galibi ba su da wa'adi. Amma abin da ya halatta miki shi ne nutso a yanayi irin wanda kika koya a ciki, ko wanda ya fi shi sauƙi. Ruwa mai duhu ko igiya mai ƙarfi ko sanyi wani darasi ne dabam: abokin nutso kan ɓace wa mutum cikin 'yan daƙiƙoƙi, rigar da ta fi kauri kuma tana sauya nauyin darmar da za ki ɗaura don ta taimaka miki nutsewa. Ki fara da darasin tuni a kwami tare da malami, ki maimaita cire gilashi da raba iska da abokin nutso da daidaita tsayuwa a tsakiyar ruwa. Bayan haka ki yi nutsonki na farko da jagoran da ya san wurin, a zurfin da bai wuce mita 10 zuwa 12 ba, ki taso a hankali, ki tsaya minti uku a mita biyar, ki kuma fito da sauran iska a tukunyarki da ta kai aƙalla "bar" 50 a ma'aunin matsi.