Amsoshin tambayoyinku: murhu da oban na jikin kanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan aurar da 'yata bayan Sallah, ta nace sai an yi mata kicin irin na yayi, wanda murhun gas da oban suke binne a jikin kanta. Gidan da angon ya kama na haya ne a Rijiyar Zaki. Kafinta ya ce in ba shi kuɗi ya fara aiki, murhun a sayo daga baya. Me kuke gani?
Wata uwa, Gwammaja

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Kada ki ba kafinta ko sisi sai murhu da oban sun shigo gida, ya ɗora awo a kansu da hannunsa. Kanta ake yi wa kaya, ba kaya ake nemo wa kanta ba. Murhun da ake kira mai santimita 60, ramin da ake yanka masa a dutse yawanci 56 ne da 49, amma ba kowane kamfani ke bin wannan ba, kuma mai santimita 90 nasa awon daban ne. Akwai takarda a cikin kwalin da ke nuna awon ramin, ita mai yankan dutse zai bi. Idan rami ya yi ƙanƙanta ana iya ƙara shi. Idan ya yi girma kuwa, dutsen ya tafi, sai dai a sayi wani.

Sai maganar haya, wadda ita ce ta fi damuna. Ranar da mai gida ya ƙara kuɗi ko ya ce ɗansa zai tare, kanta ba ta bin motar kaya lafiya. Za a ɓalle ta, katakon ya tsage a wurin ƙusa, dutsen ya ƙi zama a sabon kicin. In son samu ne, a gidan haya ki saya mata murhu mai ƙafa wanda ya zo da obansa, a bar masa gurbi tsakanin kabad biyu. Yana da kyan gani, kuma duk inda ta koma da shi za ta tafi.

In kuwa amarya ta kafe, to ki dubi abin da za ta riƙa girkawa. Murhu mai fuskar gilashi ya fi ɗaukar ido a shago, amma ki tuna da tuƙin tuwo: tukunya mai faɗin gindi ta rufe kan murhu har ta wuce shi, zafi yana komawa ƙasa yana dukan gilashin, ga hannu ɗaya ya danne tukunya, ɗayan yana juya muciya da ƙarfi. Ba don wannan aka ƙera shi ba. Mai fuskar ƙarfe, da matokarai masu nauyi na baƙin ƙarfe, shi ne zai jure. Ko da hakan, girkin suna da na Sallah a bar wa murhun tsakar gida.

Abu na ƙarshe, ki tambayi kafinta irin katakon da zai sa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Allon garin katako da aka matse, da zarar ruwa ya shige shi sai ya kumbura, damina ɗaya ta ishe shi.

Tambaya: Na sayi murhun gas na Baljiyam mai kai huɗu, aka binne mini shi a kanta. Wutarsa ja ce, tana tashi sama, duk ta baƙanta gindin tukwane, uwargida sai ƙorafi take yi. Mai shago ya ce gas ɗina ne ba shi da kyau.
Magidanci, Tarauni

Amsa: Malam, da wuya laifin gas ne. Yawancin gidajen Turai masu girki da iskar gas, ta bututu take zuwar musu, mu kuwa ta tukunya muke amfani da ita, kuma ba iri ɗaya ba ne. Murhun da aka saita wa gas na bututu ƙofar nozul ɗinsa ta fi faɗi, don haka idan aka haɗa shi da tukunyarmu sai gas ya fito fiye da iskar da zai ƙone da ita. Jar wuta da baƙin tukunya ke nan, ga asarar gas, ga hayaƙi mai guba a kicin ɗin da ba iska. Ka ɗaga kan murhun, za ka ga ɗan ƙaramin tagulla a tsakiya da lamba a jikinsa. Shi za a canza, kowane kai da girman nasa, sannan a daidaita ƙaramar wuta. Sabon murhu kan zo da waɗannan nozul a 'yar leda cikin kwali, na hannu kuwa sai an nema. Masu gyaran gas a Sabon Gari sun san aikin. Wutar da ta zauna daidai shuɗiya ce, gajera.

Tunda mai gyara zai zo, ya duba inda tukunyar take. Da yawa ana cusa mai kilo 12.5 cikin kabad a rufe don kada ta ɓata ado. Wannan gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, yana jiran tartsatsi. A huda bango a fitar da ita waje cikin inuwa, a yi mata keji da kwaɗo. A shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ban da ashana. Tiyon da ya bushe ya fara tsagewa, wanda zafin Kano ba ya barin ya daɗe, a jefar.

Tambaya: Obana na lantarki ya mutu. Ina so in sauya shi, in kuma cire murhun gas in sa irin na lantarkin nan da ba ya fitar da wuta. Zai yiwu ba tare da an fasa kanta ba?
Mai sana'ar kek, Kabuga

Amsa: Oban ba zai ba ki wahala ba, 'yar'uwa. Kusan dukkansu santimita 60 ne, ramin kuma wajen 56 a faɗi, 59 zuwa 60 a tsayi. Kusoshi ne a gefen ƙofa suke riƙe da shi, a kashe wuta daga bureka, a kwance su, a zaro. Ki auna zurfin ramin kafin ki tafi kasuwa, kuma kada a toshe sararin da ke baya, ta nan zafi ke fita. Kafin ki saya ma, mai gyara ya duba tsohon, sau da yawa ƙarfen da ke yin zafi ne kawai ya ƙone, kuma ana canza shi.

Murhun ne ban goyi baya ba. Mai kai huɗu yana iya jan kilowat 7, soket na amfiya 13 kuwa iyakarsa wajen 3. Sai an ja masa waya mai kauri tun daga akwatin wuta, da burekarsa shi kaɗai. Ƙaramin janareta ba zai tada shi ba, inbatar gida ma haka, kuma wutar da ke zuwa a raunane tana lalata masa ƙwaƙwalwa. Tukwanenki na dalma ba za su yi zafi a kansa ba, sai wadda maganaɗisu ya kama gindinta. In layinku na KEDCO yana rukunin Band A, na waɗanda suka fi samun wuta, tun watan Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, ki lissafa awa nawa kike girki a mako. Ki bar gas ɗinki a inda yake. In kina sha'awar na lantarkin, ki sayi mai kai ɗaya na ɗorawa a tebur, ki riƙa kunna shi ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi.