Me ya sa kumfar yarana ke fashewa tun ba ta tashi ba?

Tambaya: Salamu alaikum. Yarana na son wasan hura kumfa. Na sayo musu 'yar kwalba a kasuwar Kejetia, da ta ƙare sai na kaɗa musu garin omo da ruwan rijiya, amma tun tana bakin zoben wayar hurawa take fashewa. Ina matsalar take? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ke kashe kumfa bushewa ne, haɗinki kuwa ba shi da abin da zai riƙe ruwa.

Fatar kumfa hawa uku ce: sabulu a waje, sabulu a ciki, siririn ruwa a tsakani. Ruwa zalla ba ya yin kumfa mai daɗewa, domin ƙwayoyinsa suna jan juna da ƙarfi, da an shimfiɗa shi sai ya dunƙule ya koma ɗigo. Sabulu na rage wannan ja zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, sai fatar ta yarda ta miƙe. Ɗan jan da ya rage shi ke matse iskar da ke ciki, shi ya sa ko da waya mai kusurwa huɗu aka hura, kumfar kan fito a mulmule kamar ƙwallo.

Da ta tashi, abu uku ke cin ta. Ruwan tsakiyar yana gangarowa ƙasa saboda nauyi, iska kuma tana shanye shi. Saman kumfar ne ke fara sirancewa. Ki sa yaran su lura da launukan da ke yawo a jikinta: kaurin fatar ne suke nunawa, wanda yakan gaza kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai. Idan launi ya dushe, baƙin tabo ya bayyana a sama, saura ƙiris ta fashe. Isaac Newton na Ingila ya bayyana wannan tabon tun 1704. Na uku kuma shi ne taɓawar busasshen abu, yatsa ko ƙura. Jiƙaƙƙen yatsa da ruwan sabulu kuwa zai ratsa ta bai fasa ba.

Garin wanki an yi shi ne don cire dauɗa. Kumfarsa ƙanana ce mai taruwa a bokiti, kuma garin da bai narke ba na huda fatar. Wani ruwan rijiyar kuma yana da gishirin ƙasa da ke kashe ƙarfin sabulu, musamman na sanda da sabulun salo. Ki bar su duka.

Ki samu ruwan leda ɗaya, mililita 500 ke nan. Ki zuba cokalin cin abinci 5 na sabulun ruwa na wanke kwanuka, da cokali 1 na gilisarin, wanda mata ke haɗawa da man shafawa da hunturu, ana samunsa a kantin magani. Aikin da yake wa fata shi yake wa kumfa, wato hana ruwa gudu. In babu, ki narkar da sukari cokali 2 a ɗan ruwan ɗumi, sai dai ki shirya wa tururuwa. Ki juya a hankali, kada ki kaɗa. Nan ne yawancin mutane ke ɓata haɗin, suna ganin yawan kumfa a kwano alamar kyau ce, alhali ita ke hana fata ɗaya shimfiɗuwa a bakin waya. In ta taru, ki kwashe da cokali. Ki rufe ya kwana, washegari ya fi aiki.

Abin hurawa kuma: waya tsirara ba ta ɗaukar ruwa da yawa, ki nannaɗe zoben da zaren auduga. Bututun ganyen gwanda ma yana yi sosai, amma a wanke farin ruwan da ke fita a bakin yankan, yana ƙaiƙayi a leɓe. Mai son babbar kumfa ya yanke gindin robar ruwa, ya tsoma yankakken gefen, ya hura ta bakin. Hurawar a hankali ce, dogon numfashi. Mai ƙarfi yaga fatar take yi.

Lokaci ma yana da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanda hunturu ke sauko da busasshiyar iska da ƙura har Kumasi, ko haɗi mai kyau ba ya jimawa. A wannan lokacin ki ninka gilisarin, su yi wasan da sassafe a inuwa. Da damina, bayan an ɗauke ruwa, ita ce kakar kumfa.

Ki hana ƙananan zuƙa ta bututu. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, in sun gama kuma a ɗauraye simintin tsakar gida saboda santsi.