Mustang ɗina ta 1966 tana yawo a titi, in sa mata rak ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, na sayi Ford Mustang ta 1966, injin V8 289, giyar hannu, sitiyarin ba fawa. Sitiyarin yana wasa sosai, a babban titi motar sai ta riƙa yawo ina kamo ta, wurin fakin kuma sai na haɗa gumi. Abokai sun ce in cire akwatin sitiyarin in sa rak da finiyon irin na motocin yanzu. Wanne zan saya, kuma zan iya ɗaurawa da kaina a garejin gida?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa alheri, ka samu mota. Amma tsaya tukuna kar ka fitar da kuɗi, don matsala biyu ka kawo, wasa da nauyi, kuma ba lallai rak ne maganinsu ba.

Fara da wasan. Ka bar motar a ƙasa tayoyinta na ɗauke da nauyinta, ka sa wani ya riƙa kaɗa sitiyarin hagu dama kaɗan kaɗan, kai kuma ka leƙa ƙasa da tocila ka ɗora hannu a kan kowace gaɓa. Gaɓoɓin tayarod, wato sandunan da ke kai juyin sitiyari ga taya, huɗu ne, biyu ciki biyu waje, ga hannun da ke fitowa daga akwatin, ga ɗan uwansa na ɓangaren fasinja mai riƙe doguwar sandar tsakiya, wanda bushin ɗinsa shi ya fi saurin mutuwa. Inda ka ji ƙwas ƙwas a tafin hannunka nan ne ɓarawon. Ka duba bol join da bushin ɗin sandar da ke riƙe hannun ƙasa daga gaba, in waɗannan sun gaji ko rak ɗin zinare ka sa motar ba za ta daina yawo ba. Shi kansa akwatin yana da sukurun gyara a samansa, ana matse shi ne sitiyari yana daidai tsakiya kuma kaɗan kaɗan, masu ɗaure shi tamau su ne ke kashe akwati. Sai alaimen, lambobin da Ford ta bayar a 1966 na tsofaffin tayoyin wancan zamanin ne, da tayar radiyal motar tana son kasta, wato yadda layin da taya ke juya kwana a kansa ya ɗan jingina baya, wajen digiri 2 zuwa 3, shi ke sa ta miƙe da kanta bayan kwana. Da yawa daga nan suke fasa maganar rak.

Toh in ka yi duk wannan har yanzu ranka na kan rak, ga yadda abin yake. Rak sanda ce mai haƙora, ƙaramin giya, wato finiyon, na tura ta hagu da dama, gaɓoɓi kaɗan, shi yasa hannu ke jin titi sosai. Wanda ya tuƙa Fijo 504 ta Kaduna ya san shi, rak ne a jikinta tun daga kamfani. Amma ita an zana ƙafafunta ne tare da rak ɗin, taka kuwa an zana ta da akwati, kuma duk rigimar a nan take.

In taya ta hau gargada, hannun sama da hannun ƙasa masu riƙe da ƙafar tayar suna lilo ne a kan maƙalansu na ciki, tayarod ma yana nasa lilon. In lilon nan uku bai tafi tare ba, tayarod zai ja bakin taya ciki ko ya tura shi waje alhali kai ba ka taɓa sitiyari ba, wato motar ta karkata da kanta a kan rami ko in ka taka birki da ƙarfi. Shi ne bam-sitiya, kuma a gudun mil 70 ba abin wasa ba ne wallahi. Don a kauce masa dole gaɓar tayarod ta ciki ta zauna kusan a kan layin da ya haɗa maƙalin hannun sama da na ƙasa, tsayinta daga ƙasa da tsawon tayarod ɗin su dace da yadda Ford ta yi. Rak ɗin ƙananan motoci yawanci tayarod ɗinsa a bakin ƙarshensa yake, faɗinsa kuma na motar da aka yi shi dominta ne. Shi yasa ban yarda da a ciro rak ɗin Corolla a yadin tsofaffin motoci a yi masa biraket da walda ba, zai juya taya kam, amma juya taya kawai ba shi ne aikin ba. Banda haka ma, sandunan sitiyarin motarka a bayan tsakiyar taya suke, in ka ɗauko rak ɗin da aka yi don gaban taya irin na Mustang II ta 1974 zuwa 1978 ka sa a baya, ka juya dama motar ta yi hagu.

Ni a motarka na fi son rak mai fitar da tayarod daga tsakiya, wanda ke ɗauke da wata sanda da ke ajiye gaɓoɓin ciki a inda na asali suke, irin wanda Total Control Products ke yi. Akwai Unisteer, akwai Flaming River, akwai RRS ta Ostareliya, kowa da tsarinsa, ba talla nake wa kowa ba. Ka kira mai sayarwa ka yi masa tambayoyi kafin ka biya. Ta farko, inci nawa rak ɗin ke tafiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe? Na asalin motar yana tafiya sama da inci 6 kaɗan, rak ɗin motocin zamani da yawa bai kai haka ba, sakamakon shi ne kwanar motar ta ragu, juyawar da kake yi sau ɗaya ta koma sai ka yi ribas. Wannan shi ne ƙorafin da aka fi yi bayan an ɗaura kuma ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Ta biyu, da wane sifindil, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, kit ɗin ke aiki? Leƙa naka, masu motocin nan da yawa sun sa na Ford Granada ta Amurka don samun birkin diski, ramin tayarod ɗinsa daban ne, wurin zamansa ma daban. Ta uku kuma ta shafe ka kai tsaye tunda giyar hannu ce, kulocinka da sandar ƙarfe yake aiki kuma tana bi ta daidai inda sabon shaf zai wuce, wasu kit ɗin sai ka mayar da kulocin na kebul ko na mai. Haka in an canza maka manifol zuwa dogayen bututun salansa, ka faɗa masa sunansu.

Nauyi kuma, rak marar fawa ba zai sauƙaƙa maka fakin ba. Akwatinka na yanzu wajen 20:1 ne, juyi sama da huɗu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, rak yawanci juyi uku ne ko kusa da haka, juyi ya ragu ƙarfin hannu ya ƙaru kenan. Saboda haka mai fawa za ka nema, ka sayi famfon da kamfanin ya ce, don famfon da ke tura mai fiye da abin da rak ke so yana sa sitiyari ya yi sakwaf yana zillo a gudu.

Ɗaurawa a gida zai yiwu in kana da hannu, akasarin kit ɗin da kusoshi suke zama a ramukan da akwati da ɗaya hannun suka bari. Inda aikin yake shi ne kan sitiyarin. A motar 1965 da 1966 shaf ɗin ƙarfe ɗaya ne tun daga cikin akwati har ƙirjin direba, ba ya lanƙwashewa in an yi karo, sai a 1968 aka koma mai naɗewa. Kenan dole a yanke bututun da shaf ɗin ke ciki, wato kolom, a sa sabon shaf da borin a ƙasa, ko ka sayi sabon kolom gaba ɗaya, ni da za ka ji tawa ka nemi mai naɗewa tunda an riga an buɗe wurin. Tsakanin kolom da rak gaɓoɓin kuros ne, kowace kar ta karye fiye da digiri 30 zuwa 35, kunnuwan biyun su kalli juna a layi ɗaya in ba haka ba za ka ji sitiyari na tauri yana saki a juyi guda, in kuma gaɓa uku ce sai an sa borin mai tallafe shaf ɗin. Kar a yi musu walda, zafi na cinye giris ɗin ciki. Ka ɗan huda gurbi a jikin shaf inda ƙaramin sukuru zai zauna, ka sa gam ɗin zare, ka ɗaure notinsa. Ka tsayar da rak a tsakiyarsa ta hanyar ƙirga juyi kafin ka ɗaura tayarod, kuma hos ɗin fawa ya yi nesa da salansa.

Kafin alaimen ka auna bam-sitiya. Cire sifirin da abin matse shi na gaske, na Mustang a kan hannun sama yake kuma yana iya karya mutum. Kulle sitiyari, manna ɗan leza a jikin hob, inda ake ɗaure taya, yana haska allo a gaba, ɗaga ƙafar da jak inci 2 sama da inda motar ke zama ka sauke inci 2 ƙasa. In ɗigon ja yana tafiya gefe sosai, sai a gyara tsayin tayarod na waje da ƙananan zobban ƙarfe, wato wosha, har ya natsu.

Akwai hanyar da ta fi araha kuma ni ita nake fara nuna wa mai irin ƙorafinka. Borgeson na yin akwatin fawa mai 14:1 da ke zama a wurin tsohon, sandunan asali na nan yadda suke, kwana ba ta raguwa, duk da shi ma sai an rage kolom kuma a duba sandar kuloci. Ko ka gyara akwatinka ka sa ɗan injin lantarki a ƙarƙashin dashbod yana taimaka wa hannu, ba famfo ba hos. Duk wanda ka zaɓa, tsohon akwatin da kolom da sandunan ka shafa musu mai ka adana, ranar sayarwa masu son mota yadda ta fito daga kamfani za su tambaye ka su.