Ingila da Haile Selassie: taimako ne ko neman riba?

Malam, ka tambaya ko tsakani da Allah Ingila ta taimaki Sarki Haile Selassie na Habasha a Yaƙin Duniya na Biyu. A ganina, buƙata ce ta haɗa su.

A 1938 Ingila ta amince wa Italiya da mallakar Habasha, alhali sarkin na gudun hijira a garin Bath na Ingila. Sai da Mussolini, shugaban Italiya, ya shiga yaƙi da Ingila a Yunin 1940 Turawan Ingila suka tuna da sarkin, suka kai shi Sudan. Ya koma Addis Ababa ranar 5 ga Mayu, 1941. Sojojin Najeriya ma na cikin waɗanda suka kutso daga Mogadishu zuwa garin Harar na Habasha don korar sojojin Italiya.

Daga nan aka fara ja-in-ja. Hafsoshin Ingila suka riƙa ɗaukar Habasha tamkar ƙasar abokan gaba da aka ci da yaƙi, sarkin kuwa ya ƙi yarda. Yarjejeniyar Janairun 1942 tsakanin Ingila da Habasha ta tabbatar da 'yancin ƙasar, amma Ingila ta riƙe yankin Ogaden da layin dogon Jibuti.

Kada ka cuɗanya ta da yarjejeniyar Disambar 1944, wadda ta sassauta sharuɗɗan. Ɗalibai kan faɗa wannan ramin. In kundin digiri kake rubutawa, nemi malamin tarihin Gabashin Afirka ya bi matanin yarjejeniyoyin biyu tare da kai.