Sakamakona ya yi kyau, sai na je SIWES dole?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗan aji uku ne a jami'a, ina karanta kimiyyar kwamfuta, CGPA ɗina, wato matsakaicin makina, Alhamdulillah ba laifi. Za mu fita SIWES, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai su yi a ma'aikatu, na wata shida, abokaina sun ce kawai in nemi inda za a buga min hatimi a logbuk, littafin rubuta aikin da aka yi, in yi zamana a gida. To wai ba sakamako masu ɗaukar aiki ke dubawa ba? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya abokan nan naka ba su so ka da arziki ba. Sakamako yana sa a kira ka intabiyu, iyakarsa kenan, da ka zauna gabansu tambayar da za ta biyo baya ita ce me ka taɓa yi da hannunka, kuma a nan ne za ka ga mai digiri mai kyau yana zare ido.

Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikata a Najeriya, ita ce ta ƙirƙiro SIWES tun 1973, saboda masu masana'antu suna ta ƙorafin ana yaye ɗalibai sun haddace takarda amma ba su san na'ura ba. Ka ga matsalar ta girme ka. Shi ya sa ake so kullum ka rubuta abin da ka yi a logbuk, ogan wurin ya sa hannu duk sati, malami ya zo daga makaranta ya duba ka, in ka dawo kuma ka rubuta rahoto ka tsaya gaban malamai ka kare shi. Eh na sani, wani malamin ba ya ma zuwa, wani ofis ɗin kuma aiken siyo ruwa da yin fotokwafi kawai za a dinga yi maka, haushi ne wallahi amma ba hujja ba ce.

Shi oga abin da yake aunawa daban ne da na jarrabawa. Ƙarfe takwas ta yi maka a ofis ko a hanya? In aka ba ka sunaye a Excel aka ce ka tsara, sai an tsaya a kanka? Firinta ta ƙi aiki, za ka duba wayar firintar da saitinta ko za ka naɗe hannu ka ce ba a koya mana ba? Kuma in ka yi kuskure kana faɗa da wuri ko sai an gano?

Ka nemi ƙaramin kamfani ko shagon gyaran kwamfuta inda ma'aikata ba su da yawa, dole su ba ka aiki na gaske. Kafin ka gama ka roƙi oga ya rubuta maka takardar shaida, ya faɗi ayyukan da ka yi ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa ta da CV ɗinka.