Yaya waya ke gane mai kawo saƙo?

Tambaya: Ina sayen atamfa a Kantin Kwari, direba ke kawo mini Ringim. In ya kira, wani lokacin wayata kan nuna "ɗan damfara". Me ya sa?

Amsa: Hajiya, manhajojin nuna sunan mai kira irin su Truecaller daga ɗabi'ar lamba suke koyo: gajeren kira, zuwa ga baƙin lambobi barkatai, da sunan da jama'a suka laƙaba mata. To, direba haka yake kira, ɗan damfara ma haka yake kira, sai a yi musu kuɗin goro da direba. Tsohon layin da kamfani ya sake sayarwa kuwa, sunan mai shi na da kan biyo shi.

Ki karɓi lambar direban wurin mai shago, ki adana. Ki kuma gyara sunan a manhajar, da irin wannan gyaran take koyo. Wanda ya nemi lambar sirrin banki, katse kiran.