Hukuncin sayar wa baƙo kaya a intanet

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Ƙofar Ƙaura. Wani da muka haɗu a Facebook, ya ce a Legas yake, yana turo mini hotunan wayoyi ina ɗorawa a WhatsApp. Mai saye ya tura kuɗi asusuna, in cire la'adata in tura masa sauran, shi kuma ya sa kaya a mota. Ban taɓa ganinsa ba. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, dillanci da wakilci halal ne a asali. Annabi (SAW) ya ba Urwa al-Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, kamar yadda Buhari ya ruwaito, kuma magabata irin su Ibn Sirin ba su ga laifin la'adar dillali ba. Amma wannan siffa da ka kawo, ban yarda maka da ita ba.

Dillalin babbar kasuwar Katsina ya san mai kaya, ya san gidansa, ya juya kayan a hannunsa. Kai hoto kawai gare ka. Ba ka san ko wayar tana nan ba, ba ka san ko tana da lahani ba, ba ka san ko ƙwace ta aka yi ba. Wannan shi ne garari, wato cinikin da ke da rashin tabbas, wanda Muslim ya ruwaito hani a kansa daga Abu Huraira. Idan kuma kana tallata ta kamar taka ce, ka faɗa cikin abin da aka hana Hakim bin Hizam: sayar da abin da ba ya wurinka.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen. Su wane ne ke duba WhatsApp ɗinka? Ƙannen mahaifiyarka, abokan karatunka, maƙwabta. Mutuncin gidanku suka gani suka tura kuɗi. Malamanmu na Malikiyya sun ce wakilin da bai sanar da mai saye cewa shi wakili ne ba, shi ake bi idan aibi ya bayyana ko mai kayan na gaskiya ya fito. Ranar da baƙon ya rufe layinsa, ƙofar babanka za a buga.

Sannan ka tambayi kanka: me ya hana shi ba da nasa asusun? Da yawa 'yan damfara na neman asusun wani ne don sawunsu ya ɓace. Asusunka na ɗaure da BVN ɗinka, idan an kai ƙara gun 'yan sanda ko EFCC sunanka zai fara fitowa. Allah kuma ya hana taimakekeniya a kan saɓo a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida.

Ka dakata daga yau. Wanda ya biya bai karɓi kaya ba, ka mayar masa da kuɗinsa, ko da a hankali ne, ka kuma adana saƙonninku da shaidar tura kuɗi. In kana son sana'ar, ga 'yan kasuwa nan cikin gari masu neman mai tallata musu kaya. Ka je shagon, ka ga kayan, ku yanke la'ada a gaban shaidu, ka gaya wa mai saye kai dillali ne, kuɗi kuma su shiga asusun mai kaya. Wannan halal ne.

Wallahu a'alam.